Ƙauyen Kwali Da Ya Tsare Kamannin Gidajen Da Aka Rushe A Ingila

A wani ɗan ƙauye da ake kira Long Wittenham, kudu da birnin Oxford a ƙasar Ingila, akwai wani gidan tarihi mai suna Pendon inda aka ajiye karkara guda sukutum a cikin zaure ɗaya. Akwai gidajen jinka da gonaki da lambuna da tashar jirgin ƙasa, jirage kuma suna ta kai da kawowa a kan dogo. Amma fa ƙofar ɗaki a wannan karkara tsawonta kimanin inci ɗaya ne, mutanen cikinta kuwa ko tsawon ƙofar ba su kai ba.

Yawancin gidajen da kwali aka yi su, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowannensu kwaikwayon wani gida ne na gaske wanda aka je aka auna tun yana tsaye. Da yawa daga cikin gidajen na gaske an rushe su, waɗansu kuma an sake musu kama har masu su na dā ba za su gane su ba. Wanda yake so ya ga yadda suke a shekarun 1920 da 1930, sai dai ya zo ya leƙa na kwalin.

Wasan Yara Da Ya Koma Na Manya

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa gidajen kwali da jirgin ƙasa. To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawan gaske, galibi magidanta da dattawa, waɗanda abin shagalarsu bayan an tashi daga aiki shi ne shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, su ɗora masa 'yan jirage masu tafiya da lantarki. Asalin abin kayan wasan yara ne. A 1891 wani kamfanin Jamus mai suna Märklin ya fito da jiragen wasa da dogo mai tsayayyen faɗi, yadda yaro zai iya sayen ƙari ya jona. A 1920 kuma Frank Hornby na birnin Liverpool ya fara sayar da nasa jiragen, waɗanda ake murɗa musu makulli kamar agogon tebur.

A wancan lokaci a daɓen ɗaki ake shimfiɗa dogon, a ajiye tashar gwangwani a gefe, in an gama wasa a kwashe a mayar cikin akwati. Da jiragen suka ƙara ƙanƙancewa, har dogo mai tsawo ya samu shiga kan tebur ɗaya, sai manya suka karɓe abin, suka kuma ga cewa jirgi ba ya tafiya a sarari haka kawai. Yana bi ta gari, ya ratsa gona, ya tsaya a tasha. Ke nan sai an yi masa gari da gona da tasha.

Hanya biyu ce ake samun gine-ginen. Ta farko a je kanti a sayo gidan da kamfani ya riga ya yayyanka, na roba ko na kwali, a zo a harhaɗa da gam. Wannan tana da sauƙi, sai dai gidan da ke kan teburin wane shi ne a kan teburin dubban mutane. Ta biyu ita ce mutum ya ɗauki farin kwali da rula da aska ya fitar da gidan daga tushe, babu wanda ya yanka masa kome. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san irin wannan aiki, domin kuwa shi ne aikin yaron da yake fere kara, ya haɗa ɓawon da totuwar ya fitar da babbar mota har da bodi. Bambancin kurum shi ne yaron da ido yake kintata, su kuwa waɗannan sai sun auna.

Awo Shi Ne Tushe

Kowane irin jirgin wasa yana da ma'auninsa, kuma tilas gini ya bi ma'aunin jirgin, in ba haka ba sai a ga tarago ya fi gidan bene tsawo. A Ingila ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiransa OO, watau kowace ƙafa ɗaya ta gaske milimita 4 ce a kan tebur, abu ya ragu sau 76 ke nan. A Amurka da sauran ƙasashen Turai an fi son HO, mai raguwa sau 87. Akwai kuma N wanda ya fi su ƙanƙanta, da O wanda ya fi su girma.

Pendon milimita 4 suke bi. Da wannan lissafi mutum mai tsawon ƙafa 6 ya zama milimita 24, gida mai tsawon ƙafa 30 ya zama milimita 120, bai cika inci 5 ba. Jan bulo na Ingila, mai tsawon inci 9 da kaurin inci 3, ya koma milimita 3 da milimita 1, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mil guda kuwa yana cin wajen ƙafa 70, wanda shi ne kusan tsawon babban filin Pendon, faɗinsa kuma kimanin ƙafa 30.

Mutum Biyu Da Suka Buɗe Hanya

Na farko shi ne John Ahern, wani ma'aikacin inshora a Landan. Tun cikin shekarun 1930 ya fara gina wani layin dogo da ya raɗa wa suna Madder Valley, wanda ya tashi daga tashar jiragen ruwa ya bi kwari ya ratsa ƙauyuka, duk na ƙirƙira. Abin da ya jawo hankalin mutane shi ne bai bar jirgi ya danne kome ba: akwai kantuna da ma'aikatu da gidajen talakawa, kowanne da halinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya wallafa wani littafi mai suna Miniature Building Construction a kan yadda ake fitar da gini daga kwali da 'yan kayan aiki masu araha, littafin da masu wannan sha'awa suka daɗe suna koyo da shi.

Na biyu shi ne Roye England, wanda aka haifa a birnin Perth na ƙasar Ostareliya a 1906. Ya zo Ingila a 1925 yana saurayi, ya sauka a ƙauyen Wanborough kusa da Swindon, garin da kamfanin reluwe na Great Western yake ƙera injunan jiragensa. Yankin ana kiransa Kwarin Farin Doki, saboda wani ƙaton zanen doki da mutanen dā suka fafe a jikin tudun alli a Uffington kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Babban layin dogo daga Landan zuwa Bristol ta cikin kwarin ya bi.

Baƙo yakan ga abin da ɗan gari ya daina gani. Gidajen jinka masu bangon alli da jan bulo, waɗanda mutanen wurin suka ɗauka ba a bakin kome suke ba, su suka shiga ran wannan saurayi. Ya kuma lura cewa suna ƙarewa. Jinka tana son gyara a kai a kai, kuma gyaran yana cin kuɗi, ga kwano da fale-falen asbestos sun shigo da araha. Noma ya ja baya, samari suna tafiya neman aiki a birni. A 1930 kuma aka kafa wata dokar gidaje da ta ba hukumomi ikon rushe gidajen da aka ga ba su dace da zaman mutane ba. Gaskiya kuwa mazauna gidajen suna da hujja, domin da yawansu akwai danshi da duhu, babu famfo, babu lantarki. Roye England ba shi da kuɗin sayen gidajen, ba shi da ikon hana kowa gyara nasa. Abin da yake da shi keke ne da kyamara da abin awo.

Akwai wata tsohuwar mashaya a Wanborough mai suna Calley Arms wadda aka yaye wa jinka aka rufa mata asbestos mai ruwan hoda. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, sai ya ƙudura zai mayar da ita yadda take, ko da a kwali ne. Ya fara a 1931, bai gama ba sai 1936. Ya sa wa ɗan ginin suna Waggon and Horses, kuma shi ne gini na farko a ƙauyen da ya kira Pendon Parva. Babu wani ƙauye mai wannan suna a taswirar Ingila. Gidaje ne na gaske daga ƙauyuka dabam-dabam na kwarin aka tara su wuri ɗaya.

Yadda Ake Ginin

Aikin ba a kan tebur yake farawa ba, a gaban gidan gaske yake farawa. Ana ɗaukar hoton kowane gefe, a auna tsawo da faɗi, da ƙofofi da tagogi, a rubuta. Inda hannu ba ya kaiwa, kamar bututun hayaƙi, sai a ƙirga jerin bulo, tun da jeri huɗu kimanin ƙafa ɗaya ne. A zamanin Roye England hoto baƙi da fari ne, saboda haka sai ya riƙa rubuta launin kowane sashe a littafinsa. In bango ya karkace, ko rufi ya lotsa a tsakiya, haka za a rubuta, haka kuma za a gina. Ba a yi wa gida gyaran da mai shi bai yi masa ba.

Daga nan sai a zana bangayen a kan farin kwali mai kyau wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Sau da yawa bango huɗun a jere ake zana su kamar an buɗe akwati an shimfiɗe, a yanke ramukan tagogi da ƙofofi da aska mai kaifi, a tsaga bayan kowace kusurwa kaɗan yadda za ta naɗu ba tare da ta karye ba. Amfanin wannan shi ne jerin bulo zai zagaya kusurwa bai yanke ba, kamar yadda yake a ginin gaske. Sa'an nan a ɗauki wani tsinken ƙarfe marar kaifi a danna layukan da ke tsakanin bulo da bulo, ɗaya bayan ɗaya.

Fenti tun bango yana shimfiɗe ake yin sa, da fentin ruwa irin na masu zane. Da fari a shafe bangon da launin kwaɓin da ke tsakanin bulo, in ya bushe a ɗauki ɗan siririn buroshi a bi kowane bulo a shafa masa launinsa, wannan ja, wancan ruwan ƙasa, wani ya yi baƙi-baƙi saboda ya sha wuta a wurin gashi. Bango ɗaya mai tsawon ƙafa 30 da tsayin ƙafa 16 yana iya ɗaukar bulo fiye da 2,000. Mai karatu ya lissafa bango huɗu, zai gane inda shekaru suke tafiya.

Babban abokin gāban kwali shi ne danshi, domin yana sa shi ya lanƙwashe. Maganinsa shi ne a cika cikin gidan da bangayen ɗakuna da daɓe da silin, kowanne yana tokare ɗan'uwansa, har ginin ya yi ƙarfi kamar akwatin katako. Ana kuma barin bango ya zarce ƙasa kamar harsashi, a tona masa gurbi a cikin filin a dasa shi. Gidan da aka ɗora a kan fili kawai yakan bar wata 'yar kafa a gindinsa, wadda nan da nan take tona asirin cewa abin wasa ne.

Tagogi da roba mai haske ake yi, a manna mata siraran takarda a matsayin katakon da ke riƙe gilashi. Rufin fale-fale kuwa takarda ce ake yankawa jeri-jeri, a fara mannawa daga ƙasa, kowane jeri ya hau kan na ƙarƙashinsa. Jinka ita ce mai wuya. Ciyawar gaske ta yi kauri ƙwarai a wannan ma'auni, saboda haka da fari da gashin mutum miƙaƙƙe aka riƙa baibaya gidajen Pendon. Daga baya aka koma ga wani zare mai kama da rama wanda masu gyaran famfo suke naɗawa a bakin bututu. Ana yanka shi 'yan ƙananan dammuna, a tsoma gindin kowanne a gam, a jera daga bakin rufi zuwa ƙololuwa kamar yadda mai baibaya yake jera shuci, in ya bushe a bi da almakashi a daidaita, a shafa masa launin bunu. A waɗansu gidajen har cikin ɗaki an shirya, da gado da kujera da murhu, da ɗan ƙwan lantarki, ko da yake sai an kara ido a taga ake gani.

Tsufa Ma Sai An Gina Shi

Sabon gini fes ba ya kama da gaskiya a gefen dogo, musamman a zamanin jirgin gawayi. Saboda haka bayan an gama sai a bi gini a tsufar da shi: kunkunniya a bakin bututun hayaƙi, gansakuka a gindin bangon da rana ba ta bugu, tsatsa a inda ruwa yake zuba daga kwano, fenti ya koɗe a ƙofa inda hannu yake yawan taɓawa.

Wanda ya yi suna a wannan fanni wani Ba'amurke ne mai ɗaukar hoto, John Allen, na garin Monterey a jihar Kalifoniya. A 1948 ya ci wata gasa da ɗan ɗakin ajiye injin jirgi wanda ya yi wa tagogi fasassu, da tantabaru a kan rufi har da kashinsu. Ya yi shekaru fiye da 20 yana gina layinsa mai suna Gorre and Daphetid. Ya rasu a watan Janairu na 1973, bayan kwana 10 gobara ta tashi a gidan ta cinye kusan dukan aikin. Yanzu galibi hotuna ne suka rage.

Aikin Da Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Abin da ya tsare Pendon daga irin wannan ƙarshe shi ne ba a bar shi a hannun mutum ɗaya ba. In gida ɗaya zai ci shekara 5, ai ƙauye ba zai ginu ba a rayuwar mutum. A 1954 Roye England ya samu wata tsohuwar mashaya a Long Wittenham mai suna Three Poplars, ya mai da ita masaukin matasa matafiya, ya fara nuna 'yan gine-ginensa a nan. Masu sha'awa suka fara taruwa suna ba da hannu. Wani daga cikinsu, Guy Williams, ya gina wata doguwar gadar katako irin wadda injiniya Brunel ya yi wa jirage a yammacin Ingila, ya kuma ƙera injunan jirage da dama da hannunsa. Bayan rasuwar John Ahern a 1961 aka kawo Madder Valley nan aka ajiye, kuma saboda tsufansa 'yan kwanaki kaɗan ne a shekara ake tayar da jiragensa.

Roye England ya rasu a 1995, babban filin bai kammalu ba. 'Yan sa kai suka ci gaba da aikin, suna amfani da hotuna da awon da ya bari. Waɗansu gidajen an gina su a kwali shekaru da yawa bayan an share na gasken daga doron ƙasa, mai ginin bai taɓa ganin gidan da idonsa ba, littafin awo kaɗai ya bi.

Yau kayan aiki sun sake. Akwai faifan roba da aka riga aka yi wa zanen bulo, akwai takardar bango da ake saukowa da ita daga intanet a buga a gida, akwai na'urar da ke yanka kwali da hasken leza, da wadda ke zubo taga ko ƙofa da siffarta daga zanen kwamfuta. Aikin wata guda ya koma na kwana biyu. Amma duk waɗannan na'urori abin da aka ba su suke fitarwa. In ba a samu wanda ya je ya auna gidan tun yana tsaye ba, babu abin da za a ba su.

A Jos Ma An Yi Irin Wannan

Wannan dabara ta auna gini kafin ya ɓace ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana zagaya ƙasar nan tare da ma'aikatan hukumar kayan tarihi, suna aunawa suna zana gine-ginen gargajiya. Da wannan awo aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da wani sashe na ganuwar Kano, da na gidan Sarkin Katsina. Su ba a rage musu girma ba, kuma da ƙasa aka yi su. Aikin nasa an buga shi cikin littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa.

Sai dai masana fādoji da masallatai suka fi bi. Gidan talaka, da zaurensa da soronsa da zankwayensa da azarar rufinsa, ba safai ake samun mai auna shi ba. Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal ya san yadda ake komawa gida da Salla a tarar an rushe zauren kaka an ɗora bulo da kwano, sau da yawa ma da kuɗin da shi kansa ya aika. Babu laifi a wannan, domin mai kwana a ƙarƙashin rufin da ke yoyo shi ya san zafinsa. Abin da yake ɓacewa a banza shi ne kamannin gidan.

Wanda yake so ya tsare nasa ba ya bukatar kwali ko buroshi tukuna. Wayar da ke aljihunsa ta isa. Ya ɗauki hoton kowane gefe na gidan yana fuskantarsa sosai, ba a karkace ba, ya jingina sanda mai tsawon yadi ɗaya a jikin bango domin a san girma, ya auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da kaurin bango, ya ɗauki hoton rufi daga ciki. Sa'an nan ya tambayi tsofaffin gidan sunan maginin da ya yi aikin, da zamanin wane sarki aka yi shi, ya rubuta a ajiye tare da takardun gida.